Sunan da Bara'atu Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya taɓa sayen bandar kifi a kasuwar Haɗeja ya san Bara'atu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce siririyar matar nan mai jajayen idanu da ke zama bayan gangunan banda a ƙarshen layi, wadda ba ta kiran ciniki kuma ba ta dogon ciniki. Hayaƙi ne ya rina mata idanu, ba kuka ba. Wannan kowa zai ba da shaida, domin a kan abu ɗaya ta yi suna a garin nan, wato kunya. In uwa ta gaji da rawar kan 'yarta, sai ta ce mata ta je ta kalli Bara'atu ta koyi zama. Mu mutanen Haɗeja mun iya yabon mutum a kan abin da ke cin sa, ita kuwa mun yabe ta har mun ƙoshi.

A wani ƙauyen masunta aka haife ta, can gefen dausayin Baturiya, inda da damina ba a shiga sai da kwalekwale. A can ta koyi gyaran tarwaɗa, da lanƙwasa ta a soke da tsinke, da sanin itacen da ke sa kifi ya yi ja da wanda ke sa shi ɗaci. A can ta auri Sa'idu, wani masunci mai yawan dariya, kuma tana son sa, ba wanda ya tura ta. A can ta haifi ɗanta na fari, aka raɗa masa suna Abdulwahid.

A danginsu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabon sa, ba ta tambayar lafiyarsa. Yawancin mata sun daɗe da samun dabara: su laƙaba wa yaro Abba ko Babangida, su riƙa kwaɗa masa kira da wannan, kunya ta biya, uwa ta huta. Bara'atu ba ta ɗauki ko wannan rangwamen ba. A gabansa sunansa "kai wannan", a bayansa "wancan". Duk wani Abdulwahid na duniya ma ya rasa sunansa a bakinta. Akwai wani mai sayar mata da itace da ta shekara da shekaru tana ce wa "mai irin sunan nan", har mutumin ya saba yana amsawa.

Kada wani ya ce ba ta son yaron. Tana son sa so mai ciwo. In ta zuba masa tuwo, sai ta tura tsokar kifi mafi kyau can ƙarƙashin malmala, ta shafe wurin da bayan ludayi, yadda ko ƙanwarsa Hafsat ba za ta gani ba. Shi ma sai ya ci ya yi shiru. Ya ɗauka kowa haka tuwonsa yake.

Bayan sun komo Haɗeja da zama, aka yi wata shekara ruwa ya cika har yana lasar jinga, tudun ƙasar nan da ke tsare gari daga kogi. Maza suna ta jera buhunan ƙasa, yara kuma suna abin da yara ke yi in ruwa ya zo, jefa fatsa da guje-guje. Abdulwahid bai kai shekara goma ba. Wani kifi ya kama masa fatsa, yana ja yana tafiya da baya. Bara'atu na wucewa da faranti a ka, sai ta hango ƙasar da ke bayansa ta tsage tana zaftarewa. Sunansa ya taso mata har maƙogwaro. Abin da ya fito shi ne, "Kai wannan! Kai wannan!"

Yaran duk suka waiwayo, domin a taro "kai wannan" na kowa ne. Shi kaɗai bai waiwayo ba, hankalinsa na kan kifinsa. Ƙasa ta tafi da shi, ruwa ya ja shi cikin kacala, ciyawar nan da ta cinye mana rabin kogi. Da ƙyar masunta suka tsamo shi, da karaya a kafaɗa.

Da yamma maɗori na cikin ɗaki yana ɗaure masa kafaɗa, mata sun cika tsakar gida. Aisa, yayar Sa'idu, ita ce ke ba da labarin, tana tafa hannu.

"Wallahi ina wurin! Yaro na bakin mutuwa, amma matar nan ba ta kira shi ba. Ku nuna min irin ta a garin nan. Wannan ita ce 'yar asali!"

Mata suka yi ta sa albarka. Yaron na kwance, tabarmar ƙofa ce kawai tsakaninsa da su, ya ji komai. Uwarsa kuwa tana bayan madafa ta cusa gefen zani a baki tana kuka har tana amai. Ta tabbatar ba wanda ya gan ta, shi ma bai gan ta ba.

Daga nan yaro ya kama tsawo kamar ana jan sa. Tabarma ta yi masa kaɗan, ƙofar gida ta yi masa kaɗan, takalmi sai an kai wa baduku awo. Gari ya sa masa suna Giginya, ana tsokanar sa da cewa ya leƙa ya gaya mana ko an yi ruwa a Auyo. Mutum ɗaya ne ya kalli tsawon bai yi dariya ba, shi ne Malam Irmiya, malamin motsa jiki a makarantarsu, mutumin Zonkwa da ya daɗe a Haɗeja har yana gyara wa 'yan gari hanya. Shi ya kai wa mai walda tsohon gargaren babur, aka kafa shi a kan ƙarfe a bayan aji, ya fara koya wa yara ƙwallon kwando.

Yara biyu ne suka fita daban. Ɗaya Abdulwahid. Ɗayan abokinsa Abdulmannan, kuma gaskiya a faɗe ta, Abdulmannan ya fi shi iya ƙwallo nesa ba kusa ba. Yana da hannu, yana da ido, yana da zafin nama. Tsawo ne kawai Allah bai ba shi ba. Ranar da wasu masu neman 'yan wasa suka zo daga Kano, sama kawai suka riƙa kallo. Abdulmannan ya zura ƙwallo ya sake zurawa a gabansu, ba wanda ya tambayi sunansa. Suka gwada Abdulwahid da tef kamar za su ɗinka masa riga, suka tafi da shi.

Kano, sai Legas, sai wata ƙungiya a Fotugal. Sa'idu bai ga wannan ba, zazzaɓi ya ɗauke shi tun yaron na Kano. Ranar da Abdulwahid ya zo sallama zai bar ƙasar, ya durƙusa a gaban gangunan banda, a durƙushe ma ya kusa kai ta tsawo. Ta ce, "To, Allah ya tsare," tana juya kifi. Ba ta raka shi tasha ba. Ta ƙulle banda a takarda ta ba Hafsat, ta ce ta kai wa matafiyin.

Da farko yana yawan kira. Hafsat ta yi aure a garin Malam Madori, in ta zo gida sai ya kira wayarta ya ce a ba shi Iya. Bara'atu takan riƙe wayar nesa da kunne, ta ce, "To, to, madalla. Ga ƙanwarka." Sannu a hankali ya rage cewa a ba shi ita. Saƙo dai ba ya yankewa, shi ya sake mata rufin ɗaki, shi ya ja mata famfo. In Hafsat ta zo takan ce, ba tare da an tambaye ta ba, "Yaya na gaishe ku, ya ce lafiyarsa lau." Sai dai wannan yaron da karaya a kafaɗa ma cewa ya yi lafiyarsa lau. Uwarsa ta san nauyin wannan magana a bakinsa, ba ta kai ƙwayar gero ba.

Malam Irmiya ne ya buɗe mata wata ƙofa. Kowace Lahadi in ya taso daga coci yakan biyo ya sayi kifi. Ranar farko ya ce mata "Maman Abdulwahid", ta miƙe ta bar masa rumfar da kifin da komai. Ya je ya yi tambaya, ya dawo da "Maman Hafsat", suka zauna lafiya. Wata Lahadi ya zauna a bencinta, ya zaro waya da tabarau, ya fara karatu da ƙarfi, wai shi kaɗai yake magana da kansa.

"Bari in ga abin da yaronmu ya yi jiya. Ga shafin nan, duk wasan da ɗan wasa ya buga sai sun rubuta. Minti ashirin da takwas. Maki goma sha ɗaya. Ya tsinto ƙwallo tara. Laifi ɗaya."

Bara'atu ta ba shi baya tana gyara wuta. Amma itacen da ta ɗauka ya daɗe a hannunta.

Haka suka yi shekaru. Ba ta taɓa tambayar sa ba, shi kuma bai taɓa kallon ta ba in yana karantawa. Yakan yi wa kansa bayani, sai ka ce bai sani ba: minti shi ne tsawon lokacin da ɗan wasa ya yi a fili yana gudu, laifi kuwa shi ne ka ture wani ko ka buge shi, in ya kai biyar alƙali ya fitar da kai. Maki bai dame ta ba, ba ta san amfaninsa ba. Lambobi biyu ta riƙe. In minti ya yi yawa, to ƙafafunsa lafiya, yana cin abinci, yana barci, domin mara lafiya ba ya gudun rabin awa. In laifi ya tsaya a ɗaya ko biyu, to har yanzu yaron nan ne mai sanyin hali da ba ya ɗaga wa kowa hannu. Kuma kusan kullum ɗaya ne ko biyu, har Malam Irmiya na ƙorafin cewa ya cika ladabi a fili, da tsawon nan kamata ya yi a ji tsoron sa. Ita kuwa a ranta daɗi take ji. Shafin nan shi kaɗai ne ke gaya mata gaskiya a kan ɗanta, don shi bai san kunya ba, bai kuma san a kwantar wa tsohuwa da hankali ba.

Sai Malam Irmiya ya yi ritaya, matarsa kuma ba ta da lafiya, suka haɗa kaya za su koma Zonkwa. Lahadin ƙarshe ya buɗe shafin, ya daɗe yana dubawa fiye da yadda ya saba.

"Minti shida," ya ce. "Wasan da ya biyo baya kuma bai shiga ba. Ba su rubuta dalili ba. Wataƙila hutu mai horar da su ya ba shi."

A karo na farko ya cire tabarau ya dube ta.

"Maman Hafsat, ki kira shi mana. Ɗanki ne fa."

Ta naɗe masa kifi fiye da abin da ya saya, ta ce ya gaida mutanen gida.

Minti shida ya zauna mata a ƙirji. Lahadi ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, benci ba kowa. Ba za ta iya tambayar Hafsat ba, ba za ta iya tambayar Aisa ba, ita da aka shekara talatin ana misali da ita. Ta fara ƙona kifi, abin da ba ta taɓa yi ba.

Abdulmannan yanzu shi ne mai cajin waya a bakin kasuwa. Yana da janareta, da allo cike da soket, da benci da 'yan acaɓa ke zama suna jiran fasinja da abin dariya. Ya yi ƙiba, bakinsa ya yi kaifi, ba ya son a yi zancen ƙwallon kwando a rumfarsa, amma kowa ya san ba wasan Abdulwahid da yake wuce shi. Ya ga tafiyar Malam Irmiya, ya kuma ga hayaƙin kifin da ke ƙonewa. Wata safiya ya bi ta gaban rumfarta, ya rage tafiya.

"Iya, sannu da aiki. Allah dai ya ba shi lafiya. An ce gwiwa ce, ko? Irin wannan wani lokaci har yankewa suke yi."

Bai tsaya jin amsa ba. Ya san ba za ta amsa ba.

Ta daure ranar, ta daure washegari. Rana ta uku, bayan azahar, lokacin da kasuwa ta fi cika, ta zaɓi tarwaɗa mafi girma ta naɗe, ta gyara mayafi, ta taka zuwa rumfar caji. Mutane suka bi ta da kallo, domin ba a saba ganin ta nesa da gangunanta ba. Ta ajiye kifin a gefen allo.

"Ɗan nan, abin nan da Malam yake dubawa. Ko za ka duba min."

"Wane abu, Iya?"

"Na masu ƙwallon kwando."

"Ai masu ƙwallon kwando a duniya sun fi kifin kogin nan yawa. Wanne a ciki?"

"Abokinka."

Ya nuna bencin da hannu. "Ga abokaina nan reras. Wanne ya koma ƙwallo ban sani ba?"

'Yan acaɓa suka fara murmushi, suna zungurar juna. Wani dattijo mai sayar da goro a gefe ya ce, "Kai Mannan, ka ji tsoron Allah." Amma bai tashi ba, kujerarsa ma ya ɗan juyo don ya gani da kyau.

"Yayan Hafsat," in ji Bara'atu, muryarta can ƙasa.

"Iya, intanet ba ta san Hafsat ba. Suna take so. Ga shi kuma gilashin wayar nan ya lalace, ba ya rubutu, sai dai a yi mata magana." Ya ɗaga wayar ya kai saitin fuskarta. "Ni kuwa mura ta dishe min murya. Ki faɗa mata da kanki, yanzu za ta kawo shi."

Ta dube shi. Ta san ƙarya yake yi, ba yarinya ba ce. Ta san shi tun yana zuwa gidanta da ƙwallo a hammata yana cin tuwo kwano ɗaya da ɗanta. Ta juya kamar za ta tafi, har ta ɗaga ƙafa. Sai ta ga gwiwa, doguwar gwiwar nan mai tabon faɗuwa daga keke, a kan gadon asibiti a ƙasar da ba wanda zai ce masa sannu da Hausa. Ta tuna jinga. Sau ɗaya ta taɓa haɗiye sunan nan alhali yana neman ta, ta ga abin da ya biyo baya.

Ta matso da bakinta kusa da wayar, ta motsa leɓe.

"Ba ta ji ba, Iya."

Ta sake, da ɗan sauti. Sunan ya fito a karkace, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

"Janareta na ƙara. Ɗaga murya."

Sai Bara'atu ta rufe ido ta kwaɗa kira, irin kiran da ya kamata ta yi a bakin kogi shekaru ashirin da suka wuce.

"Abdulwahid! Abdulwahid!"

Har mai irin sunan nan, mai itace, ya waiwayo daga inda yake sauke kaya. Sannan benci ya fashe da dariya. Wani ya faɗo ƙasa yana riƙe da ciki. Wani na cewa, "Ashe bakin na iyawa!" Abdulmannan ya sauke wayar, ya danna wani wuri ya adana abin da ya ɗauka, domin tun farko bidiyo yake yi mata. Sannan a gaban idonta ya sa manyan yatsunsa biyu a gilashin da ya ce ya lalace, ya rubuta sunan cikin ƙiftawar ido.

"Ga shi nan. Shekaranjiya ya buga. Minti ashirin da shida, maki goma sha huɗu, laifi ɗaya. Targaɗe ne ya ɗan yi a idon sawu kwanaki, ya warke tuni."

"Gwiwar fa?"

"Wace gwiwa? Au, ashe wani ne daban. Na rikice, Iya."

Ta koma rumfarta tana jin dariya na bin ta a baya, amma ƙirjinta ya saki. Minti ashirin da shida. Ta yi ta maimaita shi tana gyara wuta. Abin da ta je nema ta samo, ta ɗauka kuma ta gama biya.

Kafin magariba bidiyon ya zaga gari. Wani ya sa masa kiɗa. Yara suka riƙa wucewa ta ƙarshen layi suna rufe ido suna ihun sunan, su ruga. Matan da suka yi shekaru suna tura 'ya'yansu su kalle ta, su ne suka fi kowa kallon bidiyon, suna cewa ai dama sun san abin na ganin ido ne. Aisa, ta tsufa yanzu tana dogara sanda, ta zo har gida ta zauna a tsakar gida ba ta amsa sannu da zuwa ba.

"A kasuwa, Bara'atu. A gaban 'yan acaɓa. Ni da nake yawo da sunanki a baki."

"Yaya, cewa aka yi za a yanke masa ƙafa."

"To in an yanke, kiranki ne zai mayar?"

Suna nan zaune washegari da hantsi, da Aisa da maƙwabta biyu da suka shigo wai aron turmi, sai ga Hafsat ta sauka daga babur, ko mayafinta ba ta gyara ba. Waya na hannunta a kunne.

"Iya, Yaya ne. Ya ce lallai sai ke. Ya ce ki kalle shi."

Ta ɗora mata wayar a tafin hannu. Ga fuskarsa ta cika gilashin, da gemu, da idanu jajaye kamar nata. Rabon da ta kalle shi ido cikin ido haka, ita kanta ba za ta iya tunawa ba.

"Iya," ya ce. "Na gani. An turo min."

Ta sunkuyar da kai. Ta ɗauka faɗa zai yi, ya ce ta zubar masa da mutunci.

"Na yanke wurin dariyar, na bar muryarki kawai. Tun jiya nake saurara. Iya, ni ban san haka yake a bakinki ba." Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. "Mannan kuwa ki bar ni da shi. Amma yanzu ga ni. Ba inji ba ne, ni ne. Ki faɗa min. Sau ɗaya kawai."

Aisa ta kafa haɓa a kan sanda tana kallo. Maƙwabta sun manta da turmi. Hafsat na share hawaye tana gyaɗa mata kai.

Bara'atu ta buɗe baki. Tana so, Allah ya sani tana so. Amma jiya tsoro ne ya fizgo sunan, kuma ƙarfe ta faɗa wa, abin da ba shi da ido. Yau ga idanunsa, lafiyarsa ƙalau, ba ruwa a bayansa, ba ƙasa mai zaftarewa. Harshen da ta shekara talatin tana dannewa ya kwanta inda ya saba kwanciya. Ta yi ƙoƙari har jijiyar wuyanta ta tashi.

"Kai wannan," ta ce. "Kana dai cin abinci?"

Ya daɗe yana kallon ta. Fuskarsa ta koma irin ta yaron nan da ke kwance ana ɗaure masa kafaɗa.

"Kin faɗa wa Mannan," ya ce a hankali. "Kin faɗa wa 'yan acaɓa."

Gilashin ya yi baƙi. Aisa ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "To, alhamdu lillahi, da sauranki." Ta miƙe ta tafi gida da farin cikinta.

Bai sake cewa a ba shi Iya ba. Saƙo na zuwa kamar da, amma gaisuwar ta daina zuwa, har Hafsat ta daina ƙirƙiro ta. Ya rage wa Bara'atu hanya ɗaya ta sanin halin da yake ciki, kuma hanyar ta bakin kasuwa take bi.

Lahadin da ta biyo baya ta naɗe kifi ta tafi rumfar caji. Abdulmannan ya ga tahowarta ya kasa haɗa ido da ita, amma da ya ga benci na kallon sa, sai ya ɗaga wayar kamar wancan karon, don kada a ce ya yi laushi. Ba ta jira ya yi ƙaryar gilashi ba. Ta faɗi sunan sarai, ba gargada. Mutum biyu suka yi 'yar dariya, saura ko waiwaye ba su yi ba, abin ya riga ya tsufa.

Haka take yi har yau. In ka je ranar Lahadi bayan azahar za ka gan ta tsaye a gaban allon soket, tana faɗa wa wayar wani sunan da ta kasa faɗa wa mai shi. Ba mai dariya kuma, ba mai yabo. Garin ya sami wasu abubuwan kallo.

A waccan Lahadin ta farko da ta koma rumfar, Abdulmannan ya rubuta, ya karanta da sauri don ta tafi.

"Minti goma sha tara. Maki takwas."

Ta tsaya. "Ɗayan fa?"

"Wanne?"

"Laifi."

Ya duba, ya sake dubawa, ya ja shafin sama ya dawo da shi.

"Biyar," ya ce. "Alƙali ya fitar da shi tun wasa bai ƙare ba. Bai taɓa yin haka ba fa, Iya."

Ta sani. Ta fi shi sani. Ta tsaya tana tunanin 'ya'yan mutane da ɗanta ya bi yana turewa yana bugewa a can Fotugal, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, ba su kuma taɓa jin sunan Haɗeja ba. Ta san ba da su yake ba.

Makon da ya biyo baya ma biyar ne.